Wa Ya Janye Sunan Auta?

Sau uku Auta ta karanta layin, sau ukun kuma bai canza ba. Ga sunanta nan a jerin waɗanda makarantar koyon likitanci ta ɗauka bana, amma a gabansa an rubuta da ja: ta janye da kanta.

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa kan kujera.

"Ni? Ni na janye? Yaushe?"

Umma da ke kishingiɗe a doguwar kujera ta ɗago kai. Yaya, wanda ya biyo don gaishe da Umma kafin ya wuce shago, ya ajiye kofin shayinsa ya miƙa hannu ya ɗauki wayar.

Shekara huɗu ke nan Auta tana aikin mataimakiyar likita a asibitin da ke bayan unguwarsu. Ita ke duba marasa lafiya, ta ɗinke rauni, ta rubuta magani, amma duk abin da ta yi sai babban likita ya sa hannu a ƙasa kafin ya zama magana. Marasa lafiya na kiranta Likita, ita kuwa duk sanda suka faɗa sai ta ji kamar rigar aro ce a jikinta. Sau biyu tana zana jarrabawar shiga makarantar tana faɗuwa. A karo na uku ta ci, ta je can garin mai nisa aka yi mata tambayoyi baki da baki, aka ce ta koma ta jira saƙo.

Saƙon da har yau ba ta gani ba ke nan.

Yaya ya ɗan jima yana kallon wayar, sannan ya ce, "Sun ce ranar Talatar makon jiya aka janye, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Ina kike a lokacin?"

"Ai ka san duk Talata ƙaramin asibitin bayan gari ake tura ni. Can ko waya ba ta shiga."

"To wa ya san lambar sirrinki bayan ke?"

Ta kalli wayar da ke hannunsa.

"Tambayarki nake yi, Auta. A ina kika cike takardun nan? Ba a nan falon kika ishe mu da labari ba? Dogo ya taimaka min, Dogo ya ara min kwamfutar ɗakin gwaji, Dogo ya gyara min hoto. To ga shi nan ya gyara miki."

"Haba Yaya! Wallahi ba zai..."

"Rufe min baki. Mutumin da aikinsa ɗiban jini da leƙen fitsarin mutane, kina zaton zai so ya wayi gari matarsa ta zama likita, tana rubuto masa takarda yana cewa to? Tun yaushe nake gaya miki yaron nan ba sa'anki ba ne?"

Tun rasuwar Baba, maganar Yaya ce magana a gidan. Shekara biyu Dogo yana neman izinin turo manyansa, shekara biyu Yaya yana ce masa a dakata. Kowa ya san dalili. Abokin Yaya, likitan ƙashi na asibitinsu, shi ma yana ciki, kuma shi Yaya ya riga ya gama zaɓa mata.

Auta ta juya ga Umma, idanunta sun cika taf.

"Umma, ki ce wani abu mana."

Umma ta kawar da kai. "Kada dai a ɗauki alhakin yaron mutane," abin da ta ce ke nan, a hankali, kamar maganar tana yi mata nauyi.

Auta ta figi gyalenta da jakarta ta fita.

A hanya ta yi ta gaya wa kanta ƙarya ne. Amma kafin ta kai ƙofar asibiti wata magana ta faɗo mata. Ranar da ta dawo daga tambayoyin, suna zaune a bencin bayan ɗakin magani, ta lissafa masa abin da ke gabanta: shekara shida a aji da ɗakunan marasa lafiya, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan in tana son ƙwarewa a fannin yara wasu shekarun na daban. Dogo ya yi dariya ya ce, "Kafin ki gama ai na fara furfura."

A lokacin ita ma dariya ta yi. Yau kuwa sai ta ji maganar ta sake kama.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen baranda, sanyi ƙalau, ba abin da ke tashi sai ƙugin firiji da na injin juya jini. Dogo na tsaye ya ba ƙofa baya, yana jera ƙananan kwalabe masu murfi ja da shuɗi. Tsawonsa ne ya sa duk asibitin suka manta da sunansa na yanka.

Ya juyo da murmushi. "A'a, Ƙaramar Likita! Yau ba hutu kike ba? Ko kewata ce ta..."

Fuskarta ta katse shi.

Ta ɗora masa wayar a kan tebur. Ya cire safar hannu ya karanta. Ta kafe shi da ido, tana neman wani abu a fuskarsa, ita kanta ba ta san ko mene ne ba.

"Sun ɗauke ki!" ya ce, sai kuma muryarsa ta faɗi. "Janyewa kuma? Wa ya janye?"

"Abin da na zo tambayarka ke nan. Wuri biyu kawai shafina yake buɗe a duniya, wayata da waccan kwamfutar." Ta nuna teburin da ke kusurwa. "Talatar makon jiya, sha ɗaya da minti ashirin."

Nan ta ga abin da take tsoro. Da jin ranar da lokacin, fuskarsa ta canza. Ya kalli kwamfutar, ya kalli labulen da ake ɗiban jini a bayansa.

"Ka san wani abu," ta ce.

"Auta, ba ni ba ne."

"Ban ce kai ne ba. Na ce ka san wani abu."

Ya juya ya ci gaba da jera kwalabensa.

"Wa ya zauna a kujerar nan ranar?"

"Marasa lafiya na shigowa, 'yan rakiya na shigowa..."

"Su wa?"

"Kin fi ni sanin ba a faɗa."

Ta miƙa hannu za ta jawo babban littafin da ake rubuta sunan duk wanda aka ɗebi jininsa. Kafin ta taɓa shi ya dafe shi da tafin hannunsa.

Suka tsaya suna kallon juna. Shekara uku suna tare, bai taɓa hana ta ko biro ba.

"Ni ka hana?" Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka ɓalle. "Ni ma'aikaciyar asibitin nan ce, Dogo. Sau nawa nake buɗe littafin nan a gabanka?"

"Na waɗanda kika turo kike dubawa. Wannan ba ke kika turo ba."

"Ka san sau nawa na zana jarrabawar nan? Kai ne fa kake yi min tambayoyi a bencin can har na haddace sunan kowace jijiya. Kai ka ce min in na faɗi sau goma za ka raka ni ta sha ɗaya. Ashe duk a baki ne? Ashe furfurar ce take damunka?"

"Wace furfura?"

"Kai ka faɗa! Ka ce kafin na gama ka tsufa."

"Subhanallahi. Wasa fa nake yi, Auta." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ko shekara ashirin ce zan jira. Ki yarda da ni na kwana biyu kawai, zan nemi izinin yin magana."

"Izinin wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mace ce?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wannan shirun ya fi mari zafi. Ta ɗauki wayarta.

"Yaya ya ce kai ne, na ce masa wallahi ba za ka yi ba. Na rantse a kanka, Dogo. Ka bar ni da rantsuwata a hannu."

Ta fita ba ta waiwaya ba, duk da ta ji ya kira ta sau biyu.

A tsakiyar baranda ta yi kiciɓis da likitan ƙashi, fes cikin farar rigarsa, ƙamshin turarensa ya danne warin maganin wanke ƙasa.

"Ƙanwata, yanzu yayanki ya kira ni. Kai, abin bai yi daɗi ba."

Ta goge fuska ta gaishe shi a taƙaice.

"Na riga na kai maganar gaban shugaban asibiti. Kwamfutar aiki ce aka yi ɓarna da ita, ba za a bar shi haka ba. Ƙarfe uku za su kira Dogo."

"Wa ya ce ka kai, Likita? Ni na kawo ƙara?"

"Ai ba sai kin kawo ba." Ya rage murya. "Ki kwantar da hankalinki. Wataƙila ma alheri ne. Ni na bi hanyar nan, na san abin da ke cikinta. Shekara shida ba ki da lokacin kanki, ki fito ki sake zama 'yar aiken manya. Me kika rasa yanzu? Likita ɗaya ai ya ishi gida."

Ta ɗago ta dube shi sosai. Shi ya rubuta mata takardar shaida ta neman shiga makarantar, yana rubutawa yana tsaki. Ofishinsa kuma ƙofa uku ne daga ɗakin gwaji.

Kamar ya karanta zuciyarta, ya yi 'yar dariya. "Kada ki kalle ni haka. Ranar Talata tun takwas nake ɗakin tiyata har biyu, ki tambayi kowa."

"Ban tambaye ka ba ai."

"Idonki ya tambaya."

Ta wuce shi. Yanzu kowa ta kalla sai ta ga kamar da abin da yake ɓoyewa, har mai gadin da ya ɗaga mata hannu.

A ƙarƙashin bishiyar da ake ajiye motoci ta zauna ta nemo lambar ofishin ɗaukar ɗalibai. Sai a kira na huɗu wata mata ta ɗauka, muryarta a gajiye. Auta ta faɗi sunanta da lambarta, ta yi bayani tana haɗiye kuka.

"Ikon Allah," matar ta ce. "Ke ce ta biyu da ta kira a kan sunan nan yau. Yanzun nan wani ya kira yana tambayar yadda za a gyara."

"Wa?"

"Bai faɗi suna ba. Abin da na gaya masa shi zan gaya miki. Jibi da tsakar rana za mu ba na bayanki gurbin. In kina so a mayar miki, ki zo da ƙafarki, da takarda daga wurin aikinki mai nuna wanda ya shiga shafinki, da sa hannunsa cewa shi ya yi. Ba ma karɓar ba ni ba ce da baki."

"Don Allah Anti, da aka janye, an rubuta dalili?"

"An rubuta. Tsaya in duba." Can ta ce, "Ga shi. Wai, ina mai ba da haƙuri, ba zan samu zuwa ba, domin an gano mahaifiyata na da ciwon ƙoda, kuma ni ce zan yi jinyarta."

"Ƙarya ne! Mahaifiyata lafiyarta ƙa..."



"Kina jina?" matar ta ce.

Auta ba ta ji ta ba. Umma take gani. Umma da ta daina sa takalmanta masu rufi, ta ce sun matse ta. Umma da take barin rabin abincinta, take kwana tana wuni a doguwar kujera, ta ce tsufa ne. Fuskar nan da ke ɗan kumbura da safe. Da baƙuwa ce ta shigo ɗakin dubawa da waɗannan alamun, kafin ta gama zama Auta ta rubuta mata gwajin jini.

Ranar Talatar kuwa, da ta dawo daga bayan gari, Umma ta ce mata Yaya ya kai ta gaishe da Gwaggo.

Ba ta san yadda ta iso gida ba.

Ta tarar da Umma a ɗakinta, zaune a bakin gado. Ba ta yi magana ba. Ta durƙusa a gabanta, ta ɗage zanen kaɗan, ta danna babban yatsanta a ƙaurin Umma ta ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Umma..."

"Ke, mene ne haka? Sakar min ƙafa."

"Tun yaushe?"

Umma ta janye ƙafarta. Sannan ta sauke numfashi.

"Yaron nan ne ya gaya miki?"

"Bai gaya min ba. Ya gwammace in tsane shi." Ta kifa kai a cinyar Umma ta fashe da kuka. "Ni da nake duba iyayen wasu, tawa uwar tana gabana ban gani ba. Me ya sa kika ɓoye min? Me na yi miki?"

"Ba abin da kika yi min." Umma ta dafa kan Auta. "Na san halinki ne. Da kin ji, ko sun kira ki ba za ki je ba. Ina kallonki shekara uku kina tashi da littafi kina kwanciya da littafi. Na ce wa yayanki ya kai ni ranar da ba kya nan. Na kama hannun yaron nan na ce ya rantse ba zai gaya miki ba sai kin tafi kin zauna da gindinki. Ya ce, Umma, ko ba rantsuwa aikina ya hana ni. Na ce duk da haka ka rantse."

Auta ta ɗago a hankali.

"Da Dogo ya shiga da ke bayan labule, ina Yaya yake?"

"Yana waje mana, a kujerar tebur. Har da aka kawo sakamakon yana..." Umma ta tsaya. Ta dubi 'yarta, 'yarta ta dube ta.

"Wanda ya janye sunana ya rubuta musu cewa mahaifiyata na da ciwon ƙoda, Umma."

Sallamar Yaya ta katse su. Ya ɗaga labule ya shigo da ledar magani a hannu, yana ganinsu ya yi saurin mayar da ita bayansa.

"Fito da ita," Umma ta ce. "Ta sani. Zauna, Babba."

Bai zauna ba.

"Kai ka taɓa mata karatu?"

"Umma, wace irin magana..."

"Ka dubi idona. Ni na haife ka."

Ya dubi ƙasa. Can ya jefar da ledar kan gado.

"E, ni ne na janye, na kuma goge saƙon. Ina zaune saƙon ya faɗo a kwamfutar da ke gabana, wai ana taya ta murna. Murna! A lokacin ko minti goma ba a yi da gaya min ƙodar uwata ta kusa tsayawa ba." Muryarsa ta fashe. "Likita ya ce nan gaba kaɗan sai an riƙa wanke miki jini sau biyu a mako. Wa zai zauna da ke? Ni da ban san bambancin ƙwaya da ƙwaya ba? Muna da mai ilimin abin a gida, sai ta kwashi kaya ta tafi shekara shida? Ta dawo da kwalin ta nuna wa wa, Umma? Kabari?"

 Auta ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, don tambayar da take yi wa kanta ke nan tun daga ƙarƙashin bishiya.

"Da ka gaya min, Yaya," ta ce da ƙyar. "Da ka bar ni na zaɓa da kaina. Wataƙila da hannuna zan janye."

"Da kin janye?"

"Ban sani ba. Amma da ni ce na yi." Ta miƙe tsaye. "Shi kuma Dogo me ya yi maka? Ka kalli idona da safen nan ka ɗora masa."

Yaya ya buɗe baki ke nan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya yi kamar zai mayar aljihu.

"Ɗauka," Umma ta ce. "Ka buɗe mu ji."

Muryar likitan ƙashi ta cika ɗakin, har da dariyarsa.

"Abokina, an gama! Dogo ko wahalar da mu bai yi ba. Tun kafin a tambaye shi ya ce shi ne, ya rubuta ya sa hannu. Roƙonsa ɗaya, wai a ba ƙanwarka takardar yau ɗin nan don ta kai makaranta kafin jibi. Ka ji ƙarfin hali! An karɓe katinsa, yanzu haka yana kwashe kayansa. Kuma shugaba ya ce zai rubuta wa hukumar da ta ba shi lasisi, ka ga ko wani asibitin ba zai... Kana jina kuwa?"

Yaya ya kashe wayar.

Auta ta dafe bango. Ashe Dogo ne ya kira makarantar. Ta fita ta bar shi da baƙar magana, shi kuma ya ɗauki waya yana tambayar yadda za a mayar mata da gurbinta.

Umma ta yunƙura ta tashi. Auta ta tare ta, Umma ta ture hannunta.

"Miƙo min gyalena."

"Umma, ina za ki a haka?"

"Asibiti. Da bakina na ɗaure yaron mutane, da bakina zan kwance shi." Ta juya ga Yaya. "Kai kuma ɗauko mukullin mota. Takardar da ya rubuta za a yaga, ka rubuta taka."

"Umma, a gaban abokina? A gaban shugaban asibiti? In na sa hannu fa shi ke nan, tafiya za ta yi ta bar ki."

"Tafiyarta da zamanta ba a hannunka suke ba, ba kuma a hannuna ba. Wuce mu je."

Ya tsaya kamar an dasa shi, mukullin na hannunsa. Umma ta zura ƙafafunta da suka kumbura a silifas, ta dafa kafaɗar Auta suka nufi ƙofa. A bakin labule ta tsaya, ba ta ko juyo ba.

"Babba, in na kai titi ban ji tashin motarka ba, da ƙafa zan tafi. In na faɗi a hanya, kai za ka yi wa mutane bayani."

Suka fita tsakar gida, suka wuce ƙofa. Nauyin Umma duk yana kan kafaɗar Auta, numfashinta na fita da ƙyar. Taku goma, taku ashirin. Auta ta kasa kunne, ba ta jin komai a bayansu sai bugun zuciyarta.

"Kada ki waiwaya," Umma ta ce.